Mutumin Bakin Rijiya

Litinin

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ka koma bakin aiki lafiya, kuma ciwon bayan nan da ka ɓoye wa Baba ya yi sauƙi. Mu nan muna lafiya. Baba yana shan maganinsa a kan lokaci, rawar hannun dai tana nan yadda ka bar ta. Gwaggo ma an sallame ta daga asibiti.

Na san za ka yi dariya da ganin rubutun hannuna, kai da kake cewa kamar tonon kaji yake. To daure ka karanta. Yau da safe an karɓe mana wayoyin ofis, an ce har saƙonnin da muke aikawa za a bincika, ni kuwa ko tawa ta kaina yanzu ban yarda da ita ba. Ga shi can wurin ginin dam ɗinku sai mutum ya hau tudu yake samun sabis. Shi ya sa na roƙi direban da ke kai muku kayan abinci ya damƙa maka wannan hannu da hannu.

Shekarata biyu ke nan ina aikin gwaji a kamfanin da ya yi Ganuwa, wasan kwamfutar da muka tashi a kansa ni da kai. Ka tuna yadda Baba ya bi maƙwabta gida-gida da labari ranar da aka ɗauke ni, har mai shagon bakin layi, wanda bai san bambancin kwamfuta da talabijin ba. Mu shida ne a ɗakin gwaji. Aikinmu mu buga Ganuwa ta Biyu kafin ta fita kasuwa, mu rubuta duk inda ta gaza. Kowannenmu ya sa hannu a takarda cewa ko hoto ɗaya ba zai nuna wa wani ba, wanda ya saɓa kuwa a bakin aikinsa.

To jiya Lahadi da la'asar wani bidiyo ya fita a intanet, a zauren masu wasan nan da kake ciki. Minti huɗu ne, da waya aka ɗauke shi, babu murya, fuskar kwamfuta ce kawai. Kafin mu iso ofis yau dubban mutane sun kalla, kuma da wuya ka ga wanda ya kalla ya wuce bai bar zagi ba.

Ban ga laifinsu ba. A tsohuwar Ganuwa, kafin ka fita yaƙi sai ka cika rumbu, ka tanadi jakunan da za su bi runduna da hatsi, ka duba ko kogi ya cika. Sai ka yi mako kana shiri, a tare maka jakuna a wata kwana, sojojinka su watse saboda yunwa, ka tashi kana cizon yatsa, amma ka san wautarka ce. A sabuwar babu rumbu, babu jakuna. Sojoji ba sa cin abinci, Yaya, sai ka ce aljanu. Wani ƙaton maɓalli ne ja an rubuta masa "Kai hari", ga kibiya mai ƙyalli tana nuna maka shi kamar ana koya wa yaro riƙe cokali. Ka danna, ka ci gari, taurari su zubo. Na rubuta rahoto a kan wannan har hannuna ya gaji, ban jin an taɓa buɗe ko ɗaya.

Manajanmu, wanda muke kira Malam Sauƙi a bayan idonsa saboda ba ya buɗe baki bai ce a sauƙaƙa ba, ya tara mu a tsaye. Ya ce kowace kwamfutar gwaji tana da wata alama a ɓoye a cikin hoton, kuma ana kan nemanta a bidiyon. Ya ba da wa'adi zuwa Juma'a ƙarfe sha biyu na rana: mai laifi ya kawo kansa, in ba haka ba shi zai zaɓo. Sannan ya kunna mana bidiyon a babban allo. Kowa ya sha jinin jikinsa.

Mai bugawar ya fara ne da haƙa rijiya. Daga nan ya ɗauki manomi ɗaya, ya kai shi bakin rijiyar, ya bar shi a tsaye ba aikin komai. Sabuwar Ganuwa kuwa ba ta yarda da tsayuwar banza. Duk wanda ya tsaya daƙiƙa biyar, wasan da kansa zai kore shi ya koma gona. Mai bugawar ya dawo da shi, wasan ya sake janye shi. Ya dawo da shi, aka janye. Sau tara, na ƙirga. Wannan wurin ne ya fi harzuƙa mutane, suna cewa an yi musu wasan da ko ikon tsayar da mutum ɗaya bai bar musu ba.

Ni kuwa gabana ne ya faɗi. A duk duniya gida ɗaya na sani da ake barin mutum a bakin rijiya. Ka tuna Inna, Allah ya jiƙanta, tana zaune da ɗinkinta kusa da Baba yana wasa, tana yi masa faɗa wai ba shi da imani, ya sa 'yan mutanen nan aiki ba hutu, ya bar ko ɗaya ya sarara. Tun daga nan yake ajiye mata ɗaya a bakin rijiya, mu ma muka tashi muna yi ba tare da mun tambaya ba.

Ranar Juma'a na zo gida da kwamfutar ofis. Ranar Asabar na yi awa uku a wurin Gwaggo. Kana gida. Kalmar sirrina ita ce wadda muke sawa tun muna yara. Kuma tun da aka fitar da tallan sabuwar Ganuwa babu makon da ba ka zazzaga mata ruwan masifa a zauren nan.

Ban gaya wa kowa ba. Ina son in ji daga bakinka. Direban zai dawo gobe da yamma, ka ba shi amsa ko layi ɗaya ne.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

Laraba

Yaya,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, don ba na son in ce rashin lafiya ce ta hana ka amsa. Direba ya ce a gabansa ka karanta, ka ninke, ka sa a aljihu, ka juya ka tafi. Ban san lokacin da ka koyi yin shiru ba, kai da ko a kan gishirin miya sai ka yi doguwar magana.

Bari in gaya maka abin da shirunka yake jawowa. Ɗakinmu yanzu ba mai kallon idon wani. Da can in an samu kuskure a wasa, wani zai yi ihu kowa ya taso ya gani ana dariya. Yanzu sai ƙarar maɓallai. Jiya an kira mu ɗaya bayan ɗaya ofishin kula da ma'aikata. Matar da ke wurin ta ba ni ruwa a kofin roba, ta tambaye ni ko na taɓa fita da kwamfuta. Na ce eh, kamar kowa. Ta tambaya ko wani ya taɓa ta. Na ce a'a. Ban taɓa sanin ƙarya tana da nauyi a harshe haka ba, kuma don kai na yi ta.

Alamar da aka ce tana ɓoye ba ta fito ba, hoton waya ya dusashe ta. Da na ji haka har na fara sakin ajiyar zuciya, sai magana ta koma kan Dogo. Ka san shi, wanda ya taya ka gyaran babur ranar da ka zo ɗaukata. Shi ne ya taɓa miƙewa a taro ya gaya wa Malam Sauƙi a gaban kowa cewa an cire wa wasan ƙwaƙwalwa an bar masa yatsa. To yanzu wannan maganar ce hujja. Tun jiya aka hana shi shiga sabon gwaji, aka ba shi tebur kusa da ƙofa. Matarsa ta haifi 'yan biyu wata huɗu da suka wuce. Yau na gan shi ya buɗe kwanon abincinsa, ya kalla, ya rufe.

In ba ka sani ba, Malam Sauƙi ba mahaukaci ba ne. Yana da takardunsa. Ya ce mutum goma in suka fara tsohuwar Ganuwa, bakwai suna ajiye ta kafin rubu'in awa, kuma irinmu da muka haddace ta ba mu isa mu riƙe kamfani ba. Wai yau mutum a cikin mota yake wasa, tsakanin tasha da tasha, ba shi da mako guda na cika rumbu. Ina jin haushinsa, amma na kasa cewa ƙarya yake yi gaba ɗaya. Abin da na ce a rahotannina shi ne a bar wa mai so hanyarsa, a ba mai sauri tasa. Wannan faɗan nawa ne, daga ciki nake yinsa, a hankali. Kai kuma ka zo rana ɗaya ka watsa min shi a titi.

A zaure ana ta yi wa mai bidiyon kirari, har an yi masa hoto da manomin nan a tsaye, an rubuta a ƙasa wai a ƙyale shi ya huta. Ina fatan kana jin daɗi. Ni dai aikin da na yi shekara huɗu ina nema ne yake hannunka.

Baba ya lura ba na cin abinci. Na ce masa aiki ne ya yi yawa. Ya daɗe yana kallona.

Saura kwana biyu. Don girman Allah ka amsa.

Auta

Alhamis

Yayana,

Gaisuwa da ban haƙuri, ban haƙurin ya fi gaisuwar yawa. Ina fatan kana lafiya. Amsarka ta same ni yau da safe, layi uku. Ka ce ba ka taɓa kwamfutata ba, ranar Asabar a wurin makaniki ka wuni. Ka ce sai da ka hau tudu ka kalli bidiyon, kuma abin da ka gani ne ya sa ka rasa abin rubutawa. Ka ce in daina kallon manomin, in kalli kibiyar da ke jan shi.

Na kalla a tsaye a tashar mota. Kibiyar tana rawa, Yaya. Sau biyu tana kuskure manomin kafin ta kama shi. Da can na ɗauka wayar ce ke motsi a hannun mai ɗauka. Ashe gefen hoton ko gezau ba ya yi, an jingina wayar ne da wani abu. Hannun da ke riƙe da linzamin kwamfutar, mai jan kibiyar, shi ne yake rawa. Mota biyu suka wuce ni ban hau ba.

Ban san yadda aka yi ko sau ɗaya tunanina bai je kan Baba ba. Mutumin da in zai tura hoto sai ya kira ni daga kicin. Mutumin da ya rantse ba zai kalli sabuwar ba sai ta fita, don kada ya sa ni a matsala.

Da na dawo da yamma na tarar da shi a tsakar gida yana zuba wa ƙofa mai. Ban yi masa tambaya ba, miƙa masa wayar kawai na yi. Bai karɓa ba. Ya goge hannunsa da tsumma, ya zauna a kan bokitin da ya kife, ya ce tun Litinin yake neman bakin da zai gaya min.

Wai so ya yi kawai ya ga abin da 'yarsa ta yi shekara biyu tana yi. Ya buɗe, ya haƙa rijiya, ya ajiye wa Inna mutuminta kamar kullum. Da wasan ya janye shi, ya ɗauka hannunsa ne ya zame. Da aka janye na uku, ya ce ji ya yi kamar wani ya shigo ɗaki ya ɗauke kujerarta. Shekara bakwai ke nan da rasuwarta, bai taɓa fara wasa bai ajiye mata ba. Sai ya jingina wayarsa da kofin shayi ya ɗauka. Ashe shekararsa shida a zauren nan naku, bai taɓa rubuta ko kalma ba, karatu kawai yake yi. Shugaban zauren ya tura wa, shi kuma ya saka. Ya ce yana jina ina ƙorafi a kan ba a karanta rahotannina, sai ya yi tunanin in jama'a suka yi ihu, dole a koma a buɗe takardun 'yarsa. Bai kawo a ransa cewa 'yan ɗakin gwaji za a fara nema ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, ya yi shekara talatin yana kula da siton asibiti, ko bandeji ɗaya bai taɓa barin ya fita ba takarda ba, yau ga shi da tsufansa ya fitar da kayan mutane ta taga. Yana faɗa yana neman takalminsa, wai a kai shi ofis ya yi bayani da kansa. Da ƙyar na zaunar da shi. Takardar da na sa wa hannu ta ce in wani na waje ne ya fitar, kamfani na iya kai shi kotu. Ba zan tsaya ina kallon Baba a gaban alƙali da hannun nan nasa ba.

Na yi niyyar in yi masa faɗa, wallahi na shirya kalmomina tun a mota. Da na ga idonsa sai na rasa su duka.

Yanzu bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Babu wanda zai iya gano ni. Alama ba ta fito ba, shugaban zaure ya ce ba zai faɗi suna ba. In na yi shiru gobe, Dogo ne zai tafi, ni kuma in ci gaba da zama a kujerata. Tun ɗazu zuciyata take kawo min dalilai masu kyau: wai shi namiji ne zai samu wani aikin, wai dama ba sa shiri da manaja, wai in na tafi wa zai ci gaba da yi wa rumbu faɗa. Ina jin kunyar yadda dalilan suke min daɗi. Ina son aikin nan, Yaya. Ina tsoro.

Ka yafe min abin da na rubuta maka. Ka yayyaga wasiƙun nan biyu, ko ka ajiye ka riƙa yi min gori da su, ka cancanta.

Ƙanwarka mai saurin baki,
Auta

Asabar

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Na ga saƙonka cewa za ka nemi izini ka taho. Kada ka zo, an riga an gama.

Jiya ƙarfe goma na ƙwanƙwasa ofishin Malam Sauƙi. Har na shiga ban san abin da zan faɗa ba. Sai na ga farar ambulan a kan teburinsa da sunan Dogo a jiki, an riga an liƙe ta, saura awa biyu wa'adi ya cika. Ita ta buɗe min baki. Na ce daga kwamfutata bidiyon ya fita, kuma na yi ƙarya ranar Talata.

Ya tambayi wanda ya buga. Na ce kwamfutata ce, sa hannuna ne a takarda, ba ni da abin ƙarawa. Ya sake tambaya ta wata hanya, na sake ba shi amsar. Ban ɗauka zai ji ciwo ba, amma na ga ya ji. Ya ce a cikin mu shida ni ce bai taɓa kawowa a ransa ba. Ya jefa ambulan ɗin Dogo a kwandon shara, ya ɗaga waya ya kira ofishin ma'aikata.

Muna jiran matar ta kawo takardar sallama sai ya yi min wata tambaya, wai ba ta aiki ba ce. Ya ce duk makon nan manyan kamfani suna gardama a kan manomin nan, wasu sun ce ba'a ake yi musu, wasu sun ce wata dabara ce ta tsofaffin 'yan wasa. Me yake yi a bakin rijiyar? Na ce masa hutawa yake yi. Ya ce amfaninsa fa? Na ce ba shi da amfani, na wanda ya ajiye shi ne. Ya riƙa juya biro a hannunsa. Ban ga ya rubuta komai ba, kuma ban san ko za su canza wani abu ba. Kada ka je zaure ka ce na ce za su canza.

Na miƙa katin shiga, na kwashe kofina da 'yar fankar tebur da hoton Inna a kwali. Dogo ne ya ɗaukar min har bakin titi. Ya tsaya yana tare min mota da hannu biyu kamar gobara ake yi. A cikin motar na yi kukana son raina, wata mata ta ba ni hankici tana tambaya ko rasuwa aka yi.

Har yanzu ina jin zafin abin, ba zan ɓoye maka ba. Yau da safe na tashi na fara guga kafin in tuna babu inda zan je ranar Litinin.

Baba bai tambaye ni komai ba, kwalin ya gani. Jiya ko falo bai fito ba. Yau da hantsi na ji tsohuwar kwamfutarsa tana kukan nan nata, sai na haɗa masa shayi na kai. Ya fara sabon wasa a tsohuwar Ganuwa, rumbu ko rabi bai kai ba, damina ta kusa, ka san lokacin da kowane hannu ake bukatarsa a gona. Na ajiye kofin zan fita, sai idona ya kai kan rijiyar. Mutum biyu ne a tsaye a bakinta. Bai juyo ba, ya dai jawo kujerar Inna da ƙafarsa ya matso min da ita, na zauna.

Ka kula da bayanka, ka daina ɗaga abu mai nauyi. Baba yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta